Tumbin Mahmudu da Ƙarafan Sarjan Aghali

Cikin direbobin da suka yi zirga-zirga tsakanin Damagaram da Agadas a ƙarshen shekarun saba'in, da wuya a samu wanda bai taɓa cin abinci a rumfar Mahmudu ba. Tana bakin tashar Tanut, hannun dama in ka fito daga kudu. Rumfar zana ce mai faɗi, da tabarmi da randunan ruwan sanyi. Matarsa Raishatu na baya tana girki, shi kuma yana gaba yana tarbar baƙi.

Mahmudu mutumin Gangara ne, ɗan manoman gero. Yana saurayi siriri ne ƙwarai, har ƴan'uwansa kan ce in iskar hadari ta taso a riƙe shi kada ta tafi da shi. Farin da aka yi a saba'in da uku ne ya fito da shi daga gida. Ya zo Tanut ya yi dako a tasha, ya yi ga-ruwa, ya yi kwaɓar ƙasa wurin magina. Daga baya ya auri Raishatu, ƴar wata mai tuwon sayarwa, wadda ta gaji hannun uwarta a miya. Su biyu suka kafa rumfar nan, Allah kuwa ya sa mata albarka, don a lokacin manyan motoci sun yawaita a hanyar arewa.

Mahmudu yana da hali guda: ba ya iya ganin baƙo yana cin abinci shi kaɗai. Da an ajiye wa direba kwano sai ya matso ya ce, "Haba, ka ci kai kaɗai kamar marar dangi?" Ya wanke hannu ya zauna, ana ci ana labarin hanya. Wannan direba ya tashi, wani ya sauka, Mahmudu ya sake wanke hannu. Shinkafa da wake da hantsi, tuwo da rana, taliya da miyar nama da yamma, ga shayi mai sukari tsakani. Cikin ƴan shekaru wuyansa ya cika, kumatu suka fito, tumbi ya turo riga gaba. Yaran mota suka fara kiransa Alhaji alhali ko Yamai bai taɓa zuwa ba. Abin yana yi masa daɗi. A wancan zamani, bayan wahalar da aka sha, tumbi shaidar rufin asiri ce. Raishatu ma takan dube shi yana tafe yana rangaji ta ji ta isa mace.

Da kakar shekarar tamanin ya je Gangara taya wansa Sani shigar da gero. Suna da wani tsohon rumbun ƙasa na mahaifinsu, mai baki a sama. Da can Mahmudu ne ke shiga ciki yana jera dammuna, saboda sirantarsa. Ranar nan da aka jingina tsani, sai ya tuɓe babbar riga ya ce shi zai shiga.

Sani ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Mudi, bari yara su shiga."

"Yaya, rumbun nan ya san ni," in ji shi.

Ya hau, ya zura ƙafafu, cinyoyi suka wuce da ƙyar. Da aka zo tumbi sai magana ta tsaya. Ya yunƙura ƙasa, ya ƙi. Ya yunƙura sama, ya ƙi. Rabinsa na ciki yana wutsil-wutsil, rabinsa na waje yana kallon gari. Kafin ka ce me, unguwa ta taru. Wani ya ce a fasa bakin rumbun, Sani ya ce sam, rumbun baba ne, sai dai a nemi wata dabara. Gwaggonsu Tabawa, ƙanwar mahaifinsu, ita ta kawo ƙwaryar man gyaɗa, tana dariya har da hawaye. Aka shafe masa ciki da baya, ƙarti suka hau suka kama hannuwansa suka ja, ya fito suɓul kamar an zare tsinke daga tsire.

Shi ma ya taya su dariya. Amma da ya sauka ƙasa sai ya ji zuciyarsa na dukan ƙirji, numfashi ya ƙi isarsa, idanunsa suna ganin duhu-duhu. Ya daɗe zaune gindin rumbun kafin ya dawo daidai. Wannan bai gaya wa kowa ba. Da ya koma Tanut ya wuce gidan likita. Majo, wato babban ma'aikacin jinya, ya ɗaura masa abin awo a damtse, ya girgiza kai ya ce jininsa ya hau.

"In kana so ka aurar da ƴaƴanka da hannunka, ka rage wannan kaya," ya ce, yana nuna tumbin da biro. "Ka motsa jiki. Ka san wurin Sarjan Aghali?"

Kowa a Tanut ya san wurin. Aghali Buzu ne dogo, tsohon soji, wanda bayan ya bar aiki ya buɗe ɗan garaji a bayan kasuwa. A filin bayan garajin ya tara ƙarafa. Akwai sandar ƙarfe da aka maƙala wa manyan gwangwanaye cike da siminti a kowane gefe, akwai faya-fayan ƙarfe da ya ciro daga matattun motoci, da tsofaffin tayoyi, da bututu da ya gitta tsakanin itatuwan aduwa biyu, da benci guda mai ƙafa uku da dutse. Mutane suna kiran wurin gidan ƙarfe. Bayan la'asar samari ƴan kokowa kan taru, da jandarma ɗaya ko biyu, da wani malamin lakwal, wato makarantar boko, mai son nuna ƙirji. Magidanci mai tumbi bai taɓa taka wurin ba.

Kafin ya je, Mahmudu ya biya ta wurin Idrisa, mai awon wake da gyaɗa a sito kusa da tasha. Ya hau sikelin buhuna, Idrisa ya tura ƙarfen awo ya tura, ya ce, "Kilo ɗari da huɗu. Ka fi buhun gero, sai dai kai ba ka dakuwa."

Ranar farko samarin suka yi ta ƙunshe dariya. Aghali ya gyara rawaninsa ya ce duk wanda haƙorinsa ya fito zai zagaya kasuwa da taya a kai. Wuri ya yi tsit. Bai bar Mahmudu ya taɓa ƙarfe mai nauyi ba. Ya sa shi tafiya da sauri kewayen fili, ya ba shi sandar da babu komai a jikinta ya ɗaga ya sauke, ya sa shi tsugunne da tashi. Mahmudu ya ce a ransa, ashe abin wasan yara ne.

Da gari ya waye ya kasa ɗaga buta. Cinyoyinsa sun yi tsami, hannuwansa sun kumbura, in zai zauna sai ya dafa bango yana salati. Ya fito rumfa yana tafiya a buɗe kamar wanda ya sauko daga raƙumi bayan doguwar tafiya. Raishatu ta dafa ruwa ta gasa masa jiki, tana yi tana mita.

"Maigida, wai me ka rasa? Mutum da girmansa ya je yana dakon ƙarfen da ba za a kai ko'ina ba. In dako kake marmari, ga tasha nan."

"Majo ne ya ce."

"Majo ya ce ka karya kanka? Kuma in ka rame, ni za a zaga. A ce Raishatu na ciyar da duk direbobin ƙasa, mijinta na yawo kamar kara."

Duk da haka, da la'asar ya ja ƙafa ya koma gidan ƙarfe. Aghali ya ce masa tsamin zai wuce, kuma ya wuce. Sannu a hankali aka fara maƙala wa sandarsa ƙananan faya-fayai. Tafin hannunsa, da ya yi laushi tun da ya bar dako, ya sake yin kanta. Barcinsa ya yi nauyi. Sai dai wata irin yunwa ta taso masa wadda bai san da ita ba tun shekarar fari. In ya dawo daga gidan ƙarfe yakan share kwano biyu kafin ya tuna da gaisuwa, sannan direbobin yamma su sauka ya sake wanke hannu.

Bayan wata guda da ƴan kwanaki ya shirya ya tafi wurin Idrisa, yana murmushi tun daga nesa. Ya ma tuɓe takalmi kafin ya hau. Idrisa ya tura ƙarfen awo, ya dube shi, ya sake turawa. Sannan ya ɗaga murya yadda duk masu dako za su ji.

"Ɗari da bakwai! Jama'a, ku zo ku ga ikon Allah. Mahmudu ya je rage kaya an ƙara masa lodi!"

Mahmudu ya ce sikelin ya lalace. Idrisa ya ɗora buhun da ya san nauyinsa, ya fito daidai. Kafin azahar labari ya gama tasha. Wani direba ya ce ko simintin Sarjan yake lasa.

Ko la'asar bai jira ba ya nufi garaji. Ya tarar da Aghali kwance ƙarƙashin wata mota, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Sarjan, fito. Ƙarafanka ƙiba suke sa mutum. Na sha wuya, na sha dariya, ga shi kilo uku sun ƙaru."

Aghali ya fito yana goge hannu da tsumma. Ya zaunar da shi a benci, ya hura gawayi ya ɗora shayi, ya zuba na fari. Sannan ya kama damtsen Mahmudu ya matsa.

"Da ka zo nan, wannan wuri kamar salkar ruwa yake. Yanzu fa?"

Mahmudu ya taɓa. Lalle akwai wani abu mai tauri a ƙarƙashin taushin.

"A bariki na ga haka sau da yawa," in ji Aghali. "Sabon soji in ya fara aiki, tsokarsa na kumbura ta riƙe ruwa, nauyi ya hau kafin ya sauka. Kuma tsoka ta fi kitse nauyi, kai da kake sayen nama kullum ka fi ni sani. Wannan kashi ɗaya ke nan." Ya miƙa masa ɗan kofi. "Kashi na biyu, gaya mini abin da ka ci jiya."

Mahmudu ya fara lissafi. Da ya kai kwano na biyar sai muryarsa ta yi ƙasa. Aghali ya yi dariya har rawaninsa ya zame.

"To ka gani. Rabi aikin ƙarfe ne, rabi aikin Raishatu. Nawa rabin alheri ne, ka bar shi yadda yake. Nata rabin kuwa sai ka je ku daidaita."

Daidaitawar ba ta zo da sauƙi ba. Da Mahmudu ya fara zama kusa da baƙi ba ya sa hannu, wasu suka ji haushi. Wani tsohon direba ya ture kwano ya ce in mai rumfa ba ya cin abincin rumfarsa, to akwai magana. Raishatu ce ta warware matsalar, ita da ke adawa da abin tun farko. Abin da ya juya ta shi ne wata safiya ta ga ya sunkuci babban turminta, wanda sai mutum biyu ke kawar da shi, ya mayar inuwa yana ta zuba labari, ko haki bai yi ba. Ga minsharin da ya daina, wanda da har maƙwabta ke ji. Sai ta samo wani ɗan ƙaramin akushi ta ce nasa ne. Kowane baƙo ya zauna, Mahmudu zai ɗauki loma guda daga kwanonsa don albarka, ya ci gaba da hira. Abincinsa na gaske kuwa sau uku ne, a cikin akushin, kuma ita ke zubawa. Shayi ma ta rage masa sukari, abin da ya fi komai yi masa ciwo.

Daga nan jikin ya shiga sauyawa ta inda bai zata ba. Nauyin bai sauka da yawa ba, ya daɗe yana kai da kawo a kan ɗari, amma kayan sun canza wurin zama. Mazagin wandonsa ya yi tsawo har yana ninka shi. Wata Juma'a ya ɗaga hannu zai gyara hula, ƴar cikinsa ta yage a hammata, ɓarat, a gaban mutane. Kambun da ya ɗaura a damtse tun yana saurayi, wanda da ya nutse cikin kitse, wata rana yana ɗaga ƙarfe ya tsinke ya faɗi. Ya kwashi rigunansa ya kai wa Dodo tela. Dodo ya zagaya shi da igiyar awo yana tsaki.

"Kai kam ka ɓata mini aiki. Da sama ƙunci, ƙasa faɗi, kamar tulu. Yanzu an kifa tulun. In rage nan, in ƙara nan, da wane ƙyalle?"

A gari kuwa magana ta rabu biyu. Masu zuwa gidan ƙarfe suna yaba shi. Sauran jama'a suka ce rumfa ce ta karye, ko kuwa wata cuta ce ke cin sa a ɓoye. Yaran mota suka daina ce masa Alhaji. Wannan ya ɗan sosa masa rai, ya ce wa Raishatu ashe hajjin nasa a tumbi yake.

Labarin ya kai Gangara a gurguje, kuma ya kai a karkace. Wata ranar kasuwa sai ga Gwaggo Tabawa a kan jaki, da ƙullin saiwoyi, da ɗan tulun man shanu, da dawon fura cike da ƙwarya. Ko ruwa ba ta sha ba ta fara kuka.

"Wayyo Mudi, wa ya yi maka wannan aiki? Ina cikin? Ina wuyan?" Ta juya kan Raishatu. "Ke kuma kina zaune kina kallo ɗana na narkewa?"

Raishatu ta durƙusa ta ce, "Gwaggo, wallahi lafiyarsa lau. Shi ya sa kansa."

"Gwaggo, ban rame ba," in ji Mahmudu. "Kaɗan kawai nauyina ya ragu. Mu je ki gani a sikeli."

"Ni ba na tambayar ƙarfe lafiyar ɗana. Matso nan."

Ya matsa. Ta mintsini damtsensa, yatsunta suka zame. Ta sake gwadawa a kafaɗa, ta ƙwanƙwasa ƙirjinsa da bayan hannu kamar mai sayen ƙwarya. Ta ja da baya tana kallonsa.

"Wannan ai ba jikin mutum ba ne, kututture ne."

Don ya kwantar mata da hankali, ya sunkuya ya ɗauke ta cak daga tabarma, ya zagaya rumfa da ita tana ihu tana dukan kansa da mafici, direbobi na tafi. Da ya sauke ta ta ce ja'iri ne tun yana yaro. Ta kwana biyu, ta ga yadda yake cin abinci da marmari, ta koma da saiwoyinta. Man shanun dai ta bari, ta ce ko ba ya so a riƙa sa masa a ɓoye.

Sai kuma girman kai ya ɗan shige shi, kamar yadda yakan shigi duk wanda jikinsa ya fara ba shi sha'awa. Ya koma sa riga mai gajeren hannu. In mota ta kafe a rairayi kusa da gari, shi ne na farko wurin turi, kuma sai ya tabbata an gan shi. A shekarun nan kokowa ta kama zukatan mutane, kowa na manne da rediyo in ana gasar ƙasa. Samarin gidan ƙarfe suka yi ta zuga shi, suna cewa da wannan ƙirji ba mai kai shi ƙasa a duk yankinsu na Damargu. Aghali ya ce masa ɗaga ƙarfe daban, kokowa daban, don ƙarfe ba ya sa maka ƙafa. Mahmudu ya ji, amma bai saurara ba.

Bayan girbin wata shekara aka shirya kokowa a Belbeji ranar kasuwa. Mahmudu ya bi motar ƴan Tanut. Da ya tuɓe ya ɗaura walki ya shiga fili, mata suka yi guɗa, makaɗa suka ƙara wuta. Aka fito masa da wani makiyayi ana ce masa Gajere, ɗan tsurut, ƙafafu kamar sandar kiwo. Mahmudu ya dubi alƙalin wasa ya ce a kawo wani, kada ya ji wa bawan Allah ciwo. Gajere dai murmushi kawai yake.

Aka busa usur. Mahmudu ya buɗe hannuwa ya nufe shi zai rungume. Abin da ya iya tunawa daga nan shi ne ya ga sararin sama, da wata shirwa tana shawagi, da rairayi cike da kunnensa. Gajere ya sunkuya ne ya shige ƙarƙashinsa, ya taɗe masa ƙafa, nauyinsa ya ƙarasa sauran aikin. Fili ya kaure da sowa. Mahmudu ya daɗe kwance, sannan dariya ta kama shi, yana yi cikinsa na rawa. Gajere ya miƙo hannu zai tashe shi, ya kasa, sai da mutum biyu suka taimaka.

"Ɗan'uwa," in ji Mahmudu yana kakkaɓe jiki, "in ka zo Tanut, abincinka na rumfata. Amma sai ka nuna mini abin da ka yi mini, don ni ban gani ba."

Gajere ya riƙe maganar. Duk sanda ya kawo dabbobi kasuwar Tanut, a rumfar yake sauka. Yakan cinye kwano uku ya sha fura a kai, ya tashi cikinsa a lafe kamar bai ci ba. Wannan abu yana ba Mahmudu haushi ƙwarai. Yakan zauna da ɗan akushinsa yana kallonsa ya ce, "Raishatu, dubi rabon da Allah ya yi wa wani." Da la'asar su tafi gidan ƙarfe, Gajere ya koya masa yadda ake kafa ƙafa da yadda ake karanta kafaɗar abokin karawa. Shi kuma ya yi ta ƙoƙarin sa wa Gajere tsoka da ƙarfe, abin bai taɓa kamawa ba.

Farin tamanin da huɗu ya taɓa kowa. Dabbobin Gajere suka ragu ƙwarai, ya yi kudu da sauran. Cinikin rumfa ya ja baya, don hatsi ya yi wuya. Aghali ya samu aikin gyaran motoci a Arlit, ya rufe garaji. Ranar da zai tafi ya sa aka loda ƙarafan a amalanke aka kai bayan rumfar Mahmudu, ya ce, "Ka riƙe su, kada su yi tsatsa. Kuma kada ka bar sabon zuwa ya fara da mai nauyi." A wannan shekara Mahmudu ya koma tsohuwar sana'arsa na ɗan lokaci, yana sauke buhunan taimako daga manyan motoci tare da samarin da ya girme wa nesa ba kusa ba. Yakan ce da farin ya same shi da jikinsa na da, bai san abin da zai ciyar da gida da shi ba.

Da ruwa ya dawo, rumfa ta farfaɗo, gidan ƙarfe kuma ya zauna a bayanta. Direbobi kan ɗan ɗaga kafin abinci ya sauka, wasu don gwaji, wasu don a ce sun yi. Magidanta masu tumbi ma suka fara leƙowa, da farko a ɓoye ta bayan zana, daga baya a fili. Gajere ya dawo da ƴan awaki da raƙumi guda, yana nan yadda yake.

Mahmudu ya ƙara shiga kokowa sau da dama a ƙananan wasannin ƙauye, kuma kullum shi ke ƙasa. Ba ya fushi, jama'a ma don shi suke zuwa, saboda yadda yake faɗuwa yana dariya. Sai a tamanin da takwas, a Ollelewa, furfura ta riga ta fito masa a gemu, aka haɗa shi da wani ƙaton manomi. Suka riƙe juna suna ta turi, ƙura na tashi. Mahmudu ya ji kafaɗar mutumin ta karkata, ya tuna abin da Gajere ya koya masa, ya sa ƙafa. Manomin ya tafi ƙasa da gwiwa da hannu. Har yau akwai masu cewa santsin kashin saniya ne ya kwashe shi. Mahmudu ya ce ko ma mene ne, alƙali hannunsa ya ɗaga.

Samarin Tanut suka yi niyyar ɗaukarsa a kafaɗa, suka gwada, suka fasa. Wani makaɗi ya biyo su cikin mota har gida, yana kiɗa tun daga bakin gari. Raishatu ta fito da muciya a hannu tana tambayar ko lafiya.

"Na kayar, Raishatu! Na kayar da mutum!"

"Kai ɗin? Da gaske?" Ta dubi Gajere, wanda ya rako su, ya gyaɗa kai. Ta ajiye muciyar ta rangaɗa guɗa har matan maƙwabta suka fito.

A ranar Mahmudu ya kwance walkin ya ba wani saurayi, ya ce shi ya gama, ba zai ba kowa damar ramawa ba. Raishatu ta yanka zabi biyu. Makaɗin ya ci, Gajere ya ci nasa ya ƙara da na makaɗin da ya rage, aka yi ta hira har aka kira magariba.